Aikin gida: bashin da lakwal ke ɗora wa talakan Kurfai

Akwai wata magana da ta zama waƙa a bakin manyan ma'aikatan ilimi na ƙasar nan. Duk sa'ad da aka tambaye su abin da ya sa yaro ke kai aji shida bai iya karanta wasiƙa ba, amsar guda ce: iyaye ba su kula, ba su bin karatun ƴaƴansu, ba su tsare su a kan aikin gida. Ana faɗar ta a Yamai, a maimaita ta a Tillaberi, kafin ta iso Filinge ta zama hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa. To, mu kam mun ɗaukaka ƙara.

Mu fara da watan Oktoba, watan da hukuma ke shelar buɗe makarantu. A takarda, tun makon farko mushe na gaban allo, yara na zaune, darasi ya kankama. Amma duk wanda ya bi hanyar Shikal ko Icigin ko Tukunus a wannan lokaci ya san abin da ke akwai. Hatsi na gona, ana girbi, ana roron wake, kuma hannun yaro ɗan shekara tara ba abin da magidanci zai yi wasa da shi ba ne. Azuzuwan zana kuwa, waɗanda hukuma da kanta ta ƙiyasta yawansu da kusan 36,000 a faɗin ƙasa a zamanin shugaba Bazoum, ba su tsayuwa sai an samu kara, kara kuwa ba ya samuwa sai an gama girbi. Saboda haka aji da yawa sai cikin Nuwamba yake samun inuwa, kuma ruwan farko na damina mai zuwa shi ke tashinsa. Ga gobara: a 2021 kaɗai, irin waɗannan azuzuwa sun ci rayukan yara kusan 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai, sannan fiye da 20 a Maraɗi. Ga rashin tsaro, wanda a 2023 ya sa makarantu kusan 900 suka kasance a rufe cikin jahar Tillaberi. Wane uba ne ya jawo ɗaya daga cikin waɗannan?

Sai dai tsarin karatu ba ya jiran kowa. An rubuta shi kamar shekara na da wata tara cif, kuma ranar da insifekta ya zo, abin da zai duba shi ne ko malami ya kai shafin da ya kamata. Me malamin zai yi? Sai ya cika allo da rubutu, yara su kwafe a kaye, abin da lokaci bai bari an koyar ba a ce su je su yi shi a gida. Wannan shi ne asalin yawancin abin da muke kira aikin gida a ƙauyukanmu: darasin da ba a yi ba, an naɗe shi an ɗora wa yaro a ka.

Ku dubi ɗan aji ɗaya, wanda ake kira CI. Shekararsa shida ko bakwai, bai taɓa jin jimla guda ta Faransanci ba sai ranar da aka rubuta sunansa. Da safe ana faɗar magana yana maimaitawa tare da tarin ƴan'uwansa, ya ɗaga ƙaramin allonsa idan an buga sanda, ya sauke idan an sake bugawa. Bai san abin da bakinsa ke faɗa ba. Da yamma a sallame shi da baƙaƙen da zai cika layi da su. Na aji uku kuma an ba shi fi'ili ya juya, da taƙaitaccen darasi ya haddace. Ya isa gida. Wa zai duba masa? Manyan da suka iya karatun boko a Nijar ba su kai rabi ba, a karkara abin ya fi haka muni. Uban, da zarar hatsi ya shiga rumbu, ya kama hanyar cin rani. Uwar na bakin turmi ko bakin rijiya, kuma idan ɗalibar ɗiya mace ce, tana can tare da ita. Littafin karatu, in akwai shi, yara da yawa ke tarayya a kansa, ba a barin sa ya kwana a gidan kowa. Hasken kuwa na tocila ne, in da batir. Washegari wanda yayansa ke koleji ya zo da aiki a gyare, saura su sha faɗa, wani lokaci har da bulala. Tun kafin hutun Disamba an riga an raba ajin gida biyu, kuma ba ƙwaƙwalwa ta raba shi ba.

Masu cewa Bakurfaye ba ya son ɗansa ya yi karatu da dare, su fita bayan magariba su saurara. Yaran nan dai su ne ke zagaye da wuta a makarantar allo, suna karatu har a yi lisha. Bambancin kawai shi ne malamin allo yana zaune tare da su, yana biya wa kowa, yana gyara masa. Bai taɓa cewa almajiri ya je gida uwarsa ta koya masa abin da shi bai koyar ba.

Abin dariya, Faransar da muka gaji wannan lakwal daga gare ta ta haramta rubutaccen aikin gida a firamare tun 1956. Malamanta ba su daina ba gaba ɗaya, gaskiya ne, amma dokar ta yarda da abu guda: aikin da ake yi a gida yana auna gidan ne, ba yaron ba. Mu da ba mu da fitila, mu muka riƙe abin da masu lantarki suka yi shakkarsa.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Binciken PASEC na 2014 ya nuna kashi 8.5 cikin ɗari ne kawai na ƴan ajin ƙarshe na firamare a Nijar suka kai matsayin da ake bukata a karatu. A 2019 adadin ya hau zuwa kusan kashi 30, ci gaban da ba mu raina ba, amma dai yara bakwai ke nan cikin goma aka bari a baya. A 2017, da aka yi wa malaman kwantaragi jarrabawa, kusan kashi ɗaya bisa uku ne suka samu rabin maki. An yi ta yi musu dariya a lokacin. Mu ba mu yi ba, domin ba su suka ɗauki kansu aiki ba, ba su suka tura kansu ƙauye babu isasshen horo ba.

Sannan ga batun harshe, wanda ya fi kowane tsufa. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa. Shekara hamsin da ɗoriya ana gwaji! Yaron da ya koyi haɗa baƙi da wasali da harshen da ake yi masa magana a gida, na Kurfai da Hausa, na Tondikandiya da Zabarmanci, na Imanan da harshen da ya tashi da shi, yana iya karanta wa uwarsa abin da ya rubuta, ita kuma ta gane ko daidai ne ko shirme, ko da ba ta san baƙi ɗaya ba. A nan ne kaɗai za a iya neman taimakonta ba tare da an ci mata fuska ba.

Abin da muke nema bai kai kuɗin taron bita guda a otal ɗin Yamai ba. A daina bai wa ƴan aji ɗaya da aji biyu rubutaccen aiki su tafi da shi gida. A keɓe rabin sa'a na ƙarshen yini, a yi shi a aji, gaban malami. Kwamitocin iyaye masu kula da makarantu, da aka mayar ƴan neman kara da zana, a ba su iko su riƙa rubuta kwanakin da aka yi darasi da gaske. Kuma kafin wani jami'i ya sake ɗora wa iyaye laifi, hukumar ilimi ta gundumar Filinge ta fito da lissafi, makaranta bayan makaranta: ranar da aka yi shelar buɗewa, ranar da malami ya iso, da ranar da alli ya fara taɓa allo.