A Tsinke Kan Barkono, Ko A Bar Shi?

Gardama ta daɗe tsakaninmu a lambun makaranta a kan tsinke kan barkono tun yana ƙarami. Waɗansu sun ce ɓarna ce, don me za a yanke abin da ya tsiro lafiya? Waɗansu kuwa ba su iya wuce dashe sai sun sa masa farce. Mu dai ra'ayinmu a tsinke, amma ba kowane iri ba, ba kuwa kowane lokaci ba.

Ga dalilin. Kan tsiro yana fid da wani ruwa wanda masana ke kira oksin, yana gangarowa cikin kara, ya hana idanun da ke gindin ganye su farka. A 1933 waɗansu masana biyu a Amurka, Thimann da Skoog, suka tabbatar da wannan da wani irin wake: suka yanke kan, idanu suka toho, suka yanke suka sa ruwan nan a gurbinsa, idanu suka ci gaba da barci. To, in dashe ya kama ƙasa, ya kai kamar taƙi ɗaya, ya yi ganye shida ko takwas, aka tsinke kansa, sai ya fid da rassa tun daga ƙasa. Ya zama gajere mai faɗi, iskar hadari ba ta kā da shi da sauƙi. Wanda ya taɓa ganin dogon barkono siriri kwance cikin laka bayan ruwan Agusta ya san amfanin wannan.

Amma fa akwai biya. Tsiron da aka tsinke sai ya tsaya ya gyara jikinsa kafin ya yi fure, watau 'ya'ya za su makara. Barkono asalinsa daga ƙasashen zafi na Amurka ne, bai fito daga can ba sai bayan tafiyar Kolombas ta 1492, kuma in ya sami ruwa yana iya shekara fiye da ɗaya. A wurinmu kuwa damina ce ta yi masa iyaka. Manomin ƙasar Katsina wanda ruwansa bai fi wata huɗu ba, in ya yi dashe a makare, ba shi da kwanakin da zai yasar. Mai lambu a fadama, wanda ke ban ruwa da hannunsa, shi ne ya ke da sararin jira.

Sa'an nan iri ya bambanta. Ƙaramin barkono mai 'ya'ya da yawa shi ya fi karɓar tsinka. Tattasai kuwa yakan rabu biyu da kansa a wurin furen farko, kuma yana bukatar ganyensa don ya kāre 'ya'yan daga ƙunar rana. Shi ya isa a cire masa furen da ya yi kafin ya yi ƙarfi, da ganyen ƙasa da ruwa ke fantsama wa laka. A yi aikin ran da ganye ya bushe, da hannu wankakke da sabulu, balle mai shan taba, domin akwai ciwon ganyen taba da ke bin yatsa ya shiga barkono, ba shi kuwa da magani.

Abin da ya fi damunmu shi ne gobe za a rarraba mu makarantun ƙauye. Malamin da ya je ya ce wa dattijo tsinka na ƙara 'ya'ya, alhali siffa ta ke gyarawa, yawa kuwa yana ga taki da ruwa, in kaka ta ƙaryata shi ba za a sake jin maganarsa ko a kan rijiya ba. Saboda haka muna roƙon malamanmu a ware mana komi biyu bana, iri ɗaya, dashen rana ɗaya, a tsinke ɗaya a bar ɗaya. Kowane tsinka na 'ya'ya a auna da mudu, a rubuta ranar da adadin cikin littafin lambu.