Ra'ayinmu: Darasi Ɗaya Kan Tsayar Da Yaro A Ƙofar Jami'a

Duk shekara idan Hukumar WAEC ta saki sakamakon jarrabawar kammala sakandare, ofishin ƙungiyarmu kan cika da iyaye daga Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago, kowa riƙe da takardar da aka buga masa a shagon intanet. Tambayar ba ta wuce guda ba: yaron nan ya ci ko bai ci ba? Sau da yawa uba kan iso da fara'a, don ya duba takardar daga sama har ƙasa bai ga F9 ko ɗaya ba, sai mu ne za mu zaunar da shi mu nuna masa D7 ɗin da ke gaban Turanci, mu gaya masa cewa da wannan sakamako babu jami'ar da za ta ɗauki ɗansa bana.

Ya kamata kowane gida ya san yadda ake karanta takardar nan. A jarrabawar WAEC da ta NECO, makin A1, B2, B3, C4, C5 da C6 su ne ake kira kiredit. D7 da E8 wucewa ce kawai, ba a lissafa su a wajen neman gurbin karatun digiri. F9 kuwa faɗuwa ce ƙarara. Abin da ke ruɗa iyaye shi ne, faɗuwa darasi ba ta hana yaro gama sakandare. Makaranta za ta yi bikin yaye ɗalibai da shi, ta ba shi takardar shaidar ya zauna aji shida, a ɗauki hotuna, a yi walima a gida. Duk wannan gaskiya ne, ya gama. Amma gama makaranta daban, cika sharaɗin shiga jami'a daban.

Sharaɗin shi ne kiredit biyar a darussan da suka dace da fannin da yaro ke nema, cikinsu har da Turanci, kuma a same su a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Kalmar "suka dace" ita ce wurin da ake yawan tuntuɓe. Mai neman aikin likita sai ya kawo Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da yawa ba sa karɓa sai a zama ɗaya. Idan ya samu A1 a darasin Addinin Musulunci da Tattalin Arziki da Aikin Gona amma Kemistiri ya zo E8, to yawan kiredit ɗinsa ba zai cike wannan gurbi ba. Mai neman aikin lauya galibi ana neman Adabin Turanci a wurinsa, darasin da yaranmu da dama ke ajiyewa tun aji huɗu ba tare da kowa a gida ya sani ba. Game da Lissafi, shekara da shekaru ana neman kiredit ɗinsa a kusan kowane fanni, har zuwa watan Oktoba na 2025 da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da cewa ba dole ba ne ga masu neman fannonin adabi da harsuna da makamantansu, amma yana nan daram ga kimiyya, fasaha da kimiyyar zamantakewa. Ma'aikatar ta kuma fayyace cewa kowane ɗalibi sai ya yi rajistar Lissafi ya zauna jarrabawarsa. Saboda haka kada wani yaro ya zo gida da labarin an soke Lissafi.

Akwai kuma masu zaton babban maki a jarrabawar JAMB yana wanke komai. Ba ya wankewa. Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, jimillar makinta 400, amma ƙofa ɗaya ce cikin biyu. Tun da hukumar ta fito da tsarin bayar da gurbi ta kwamfuta a 2017, sai an ɗora sakamakon sakandare a shafinta kafin a tabbatar wa ɗalibi gurbi. Yaro na iya cin maki 280, ya wuce tantancewar jami'a, sannan ya tsaya cik saboda darasi ɗaya. Kuma sakamakon JAMB na shekara guda ne, baɗi sai an sake sayen fom.

Yanzu mu zo kan abin da ya shafe mu kai tsaye, mu da muke zaune nesa da garuruwan kakanninmu. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin boko, waɗanda yawancin jihohin Arewa na cikinsu. A aikace jihar asalin da aka rubuta a fom ake dubawa. Yaron da aka haifa a Agege, aka haifi ubansa a Agege, kan wayi gari ba a lissafa shi ɗan yanki a nan, can kuma a Kano ko Katsina sai ya sha wuya kafin ƙaramar hukuma ta ba shi takardar shaidar asali, don babu wanda ya san shi a unguwa. Jami'o'in jihohi kuma da dama kuɗin makarantar baƙo ya fi na ɗan jiha. Wannan rashin adalci ne, mun sha faɗa, kuma sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko wurin asali ko addini. Ba za mu daina magana a kansa ba.

Sai dai akwai gaskiyar da ya zama wajibi mu gaya wa kanmu. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, an kawo mana kuka cewa an hana yaro gurbi don shi Bahaushe ne, shugabanninmu suka sa babbar riga suka tafi neman ba'asi, aka buɗe fayil a gabansu sai ga D7 a Turanci. Irin wannan tafiya ba kunya kaɗai take jawo mana ba, tana rage nauyin maganarmu ranar da za mu je da ƙorafi na gaskiya. Kason jihohin da ke baya a ilimi yana iya sassauta makin da ake nema, amma ba ya ɗauke wa kowa sharaɗin kiredit biyar. Daga yanzu duk ƙorafin da za a kawo mana, takardar sakamako za mu fara gani.

Wani batun da gidajenmu na Legas ba su ba shi muhimmanci ba shi ne Yarbanci. A watan Fabrairun 2018 Gwamna Akinwunmi Ambode ya sa hannu a dokar kare harshen Yarbanci, wadda ta wajabta koyar da shi a makarantun jihar, ta kuma tanadi neman kiredit ɗinsa ga masu son shiga manyan makarantu mallakar jihar. Muna da ja a kan wannan tanadi, domin yana iya zama shinge ga 'ya'yan duk wanda ba Bayarabe ba. Amma kafin a ji kukanmu, dabara ita ce yaro ya riƙe darasin. Yaranmu suna jin Yarbanci kamar 'yan gida, a kasuwa ma su ne tafintocinmu, sai dai iya magana ba shi ne iya rubutu da alamomin sautinsa ba. Haka nan WAEC da NECO suna shirya jarrabawar Hausa, darasin da yaranmu za su iya samun kiredit a cikinsa, amma makarantu nawa ne a unguwanninmu ke da malamin Hausa? Wannan haƙƙi ne da ya kamata mu nema a rubuce.

Idan an riga an faɗi, hanya ba ta toshe ba. Akwai jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu, wadda aka fi sani da GCE, ana yin ta a ƙarshen shekara, kuma tun 2018 aka ƙara wani zagaye a farkon shekara. NECO ma tana da tata. Ana iya haɗa sakamakon WAEC da na NECO a matsayin zama biyu, amma ba a haɗa uku. Abin da muke roƙo shi ne a guji cibiyoyin nan da ke karɓar kuɗi mai yawa da alkawarin kiredit tara. Mun ga gidajen da suka biya, aka riƙe sakamakon cibiyar baki ɗaya saboda maguɗi, kuɗi ya tafi, shekara ta tafi. Mun kuma lura idan namiji ya faɗi akan ce ya sake gwadawa, ko ya bi babansa kasuwa kafin baɗi, amma idan mace ce sai D7 ɗaya ya zama ƙarshen karatunta. Kuɗin fom ɗin da za a biya wa Audu shi ne za a biya wa Hadiza.

Ga waɗanda Allah Ya sa 'ya'yansu suka shiga jami'a, a sani cewa a can faɗuwa darasi tana hana kammalawa. Kwas ɗin dole da ɗalibi ya faɗi, ko da na share fage ne da ake rainawa, yana bin sa bashi har sai ya sake zama ya ci, abin da ɗalibai ke kira kariyoba. Idan ya kai shekarar ƙarshe da shi, abokansa za su tafi bautar ƙasa shi yana nan yana biyan kuɗin wata shekara. Wanda kuma ya haura shekara 30 kafin ya kammala, takardar ɗauke nauyi za a ba shi maimakon bautar ƙasar. Uba ya riƙa neman ganin sakamakon kowane zango da idonsa, kada ya tsaya ga "lafiya lau" ta wayar tarho.

Masu yara a aji huɗu da aji biyar na sakandare su je makaranta su ga jerin darussan da aka rubuta wa yaro, su gwada shi da ƙa'idar fannin da yake so a littafin bayanin JAMB, tun kafin a rufe rajistar WAEC. A kuma duba suna da ranar haihuwa su zo ɗaya a takardar makaranta da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, wadda JAMB ke nema wajen rajista tun 2021. Wanda ba ya karanta boko ya kawo takardun ofishin ƙungiya ranar Asabar bayan sallar La'asar, akwai matasanmu masu digiri da za su duba masa kyauta.