Tsintacciyar Mage Tana Mage

Mun gaji wata karin magana da ke cewa tsintacciyar mage ba ta mage. Idan gargaɗi ne ga mai dogara da abin da bai sha wahalar samunsa ba, ba ni da ja. Amma a matsayin hukunci a kan magen kanta, ƙarya ce, kuma ƙaryar tana jawo wa dabbobi wahala a garuruwanmu kullum. Ra'ayin da ya samu gindin zama a yau shi ne dabbar da ta cancanci shiga gida ita ce wadda aka saya da tsada, mai asalin ƙasar waje, mai suna da takarda. Wadda aka haifa a bayan katangarmu kuwa ƙazanta ce, ko ɓarauniyar kifi, ko ma aljana. Wannan ra'ayi nake so mu tsaya mu dube shi ido da ido.

Duk mai leƙa Instagram da TikTok ya ga sabon yayin da ya shigo Kano da Kaduna da Abuja. Ana tallar 'ya'yan magen Farisa, masu dogon gashi da shafaffiyar fuska, a kan kuɗin da sau da yawa ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Ana yin rububinsu. A unguwar da aka kai wannan mage a cikin mota, a nan za ka tarar an ƙulle 'ya'yan magen gida a buhu an jefar a bola, idanunsu ko buɗewa ba su yi ba. A nan yara ke bin muzuru da jifa, manya na zaune a dakali ba mai cewa kul. Wanda ya biya dubun dubata don mage guda yakan ce shi mai son dabbobi ne. Ni ban yarda ba. Abin da yake so shi ne a gan shi da abin da wani ba shi da shi.

Bari mu duba abin da ake sayen. Shafaffiyar fuskar magen Farisa da ake yabawa nakasa ce da masu kiwo suka daɗe suna zaɓowa da gangan. Hancin ya gajarce, hanyar iska ta matse, shi ya sa da yawansu ke numfashi da ƙyar suna minshari ido biyu. Hanyar hawaye ta lanƙwashe, ido na zubar ruwa har ya yi wa fuska zane. Haƙora ba sa zama daidai a muƙamuƙi. Akwai kuma cutar ƙoda da suke gada, wadda ƙululai masu ruwa ke tsirowa a cikin ƙodar har su kashe ta, kuma binciken likitocin dabbobi a ƙasashe da dama ya same ta a jikin kusan ɗaya cikin uku na wannan jinsi kafin a fara tantancewa. Masu kiwo na ƙwarai a waje suna gwada iyaye kafin su haɗa su. Mai tallar da ke turo maka hoto ta WhatsApp, ka taɓa tambayarsa sakamakon gwajin? Ita kuma magen nan mai naɗaɗɗen kunne ta Sikotilan da aka fara shigowa da ita, abin da ya naɗe kunnen nata lalacewar guringuntsi ne, kuma lalacewar ba ta tsaya a kunne ba, tana bin gaɓoɓi tana sa mata ciwo tsawon rayuwa.

Sannan ga zafi. A watan Afrilu ma'aunin zafi a Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan haura 40. Dabba mai kaurin gashi da toshewar hanci ba ta da hanyar tsira a wannan yanayi sai da na'urar sanyaya ɗaki, a ƙasar da wuta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama. Gashin nan in ba a taje shi kullum ba sai ya cukurkuɗe ya zama maɓoyar ƙuma da ƙaiƙayi. Idan ɗoki ya wuce, kuɗin abinci da magani suka fara cizo, sai a tura ta ɓangaren masu aiki, daga nan sai titi, inda ba ta san yadda ake neman abinci ba.

Magen gida fa? Kakarta ita ce magen dawa ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda duk wata mage ta duniya ta samo asali daga gare ta. Gashinta gajere ne, hancinta a buɗe yake, jikinta ya saba da rana da hunturu. Ba wanda ya matse jininta a cikin dangi guda don neman wata siffa. Tana wanke kanta, tana binne kashinta, tana farauta.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne waɗanda muke kwaikwayo sun fara barin wannan hanya. A Ingila, tun watan Afrilun 2020 doka ta hana dillalai da kantuna sayar da kwikwiyo ko 'yar kyanwar da ba ta kai wata 6 ba. Sai dai mutum ya je wurin mai kiwon da kansa, ko ya je gidan kula da dabbobin da aka yasar. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana kantunan dabbobi sayar da karnuka da maguna da zomaye na 'yan kiwon kasuwa tun 2019. Faransa ta hana sayar da karnuka da maguna a kantuna daga farkon 2024. Dalilinsu ɗaya ne: inda dabba ta zama haja, uwa takan zama injin haihuwa, ana raba ta da 'ya'yanta tun ba su isa yaye ba. A Landan akwai gidan Battersea, wanda wata mata mai suna Mary Tealby ta kafa a 1860 don karnukan da suka ɓata ko aka yasar, ya fara karɓar maguna a 1883. Daga wannan gida aka ɗauko muzurun nan Larry a 2011 aka kai shi gidan Firayim Ministan Birtaniya don ya yi maganin ɓeraye. Tsintacce ne daga titi, kuma firayim ministoci sun zo sun tafi sun bar shi a gidan.

Na san za a ce ai wannan al'adar Turawa ce. Wanda ya faɗi haka bai duba littattafan da ke zauren malaminsa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba har ta mutu. Sun ruwaito labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a kowane gari namu, akwai hadisin Abu Ƙatada da ya karkata wa mage ƙwaryar alwalarsa ta sha, ya kuma shaida cewa Manzon Allah (SAW) ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, da 'yar kyanwa aka yi masa alkunya, Abu Huraira. Ba magunan kanti ake magana a kansu ba a duk waɗannan, magunan unguwa ne. Hasali ma a Sahihu Muslim akwai hadisin Jabir da ke nuna tsawatarwa a kan kuɗin kare da na mage. Mafi yawan malamai sun halatta cinikin mage, sun fassara hanin da ma'anar karhanci ko magen da ba ta da amfani, wasu kuma sun tsaya a kan haramci. Ba fatawa nake bayarwa ba. Amma abin lura ne cewa sayen ne malamai suka yi saɓani a kansa, ciyarwar da tausayin ba wanda ya yi jayayya a kansu. A Alƙahira, masana tarihi sun ambaci lambun da Sarki Zahir Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafinsa don ciyar da magunan da ba su da mai su. A Santambul har gobe mutanen unguwa ke ajiye wa magunan titi ruwa da abinci da ɗan akwatin kwana a ƙofar shago.

Batun cewa baƙar mage aljana ce, ko mayya ce ta rikiɗa, ba shi da tushe a addini balle a hankali. Kukan da ke tayar mana da hankali cikin dare kukan barbara ne da faɗan muzurai. Ƙyallin idonta a duhu wani shimfiɗi ne a bayan ido da ke mayar da haske don ta gani da dare, akuya da saniya ma suna da shi. Saboda wannan camfi ake watsa wa dabba tafasasshen ruwa.

To me ya sa tsintacciyar mage ke guduwa, har aka yi mata karin magana? Mage dabba ce mai riƙe wuri. Idan ka ɗauko ta yau ka sake ta a tsakar gida, inda ta sani za ta nufa. Maganin abin shi ne a tsare ta a ɗaki guda na kamar mako biyu zuwa uku, da ruwa da abinci da kwano mai yashi don bayan gida, har ta san ƙanshin gidan da muryar masu shi. Muzurun da ba a dandaƙe ba kuwa dole ya yi yawo, ko an saye shi ko an tsince shi. Akwai kuma bambanci tsakanin magen da ta saba da mutane da wadda ta girma ba ta taɓa jin hannun ɗan Adam ba. Sabon yana kamawa ne a makonnin farko na rayuwa, don haka babbar da ta riga ta zama ta daji ba a tilasta mata zaman ɗaki, ciyar da ita a inda take ya wadatar. 'Yar kyanwa a bar ta da uwarta har ta kai mako 8. A kai ta asibitin dabbobi a ba ta maganin tsutsar ciki, a yi mata rigakafin haukan kare idan ta kai wata 3. Kada a cika ta da madarar shanu, tana sa ta zawo. Kada a ba ta abinci mai albasa da tafarnuwa. Kada kuma a kuskura a ba ta farasitamol, ƙwaya guda na iya kashe ta. Mai juna biyu ta bar wa wani kwashe yashin.

Fiɗiya ita ce ginshiƙin al'amarin. Mage na iya ɗaukar ciki tun tana wata 5 ko ƙasa da haka, cikin nata wata biyu ne da 'yan kwanaki, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowane karo 'ya'ya uku zuwa biyar. Daga nan buhunan bola ke fitowa. Mu da ke dandaƙe bunsuru ya zama taure don ya yi ƙiba, ba mu da hujjar ƙin aikin da likita zai yi da allurar barci don hana haihuwar 'ya'yan da za mu zubar.

Wannan ba maganar tausayi kaɗai ba ce, ta shafi lafiyarmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kaso mai yawa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk kamuwar daga cizon kare take, kuma yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi yana katse yaɗuwarta. Dabbar da ke da mai ita ce ake yi wa allura. Wadda ba ta da kowa ba mai kai ta. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato ta daɗe tana haɗa wannan rigakafi. Zazzaɓin Lassa kuma, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa a cikin abinci. A cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar na kariya, tare da rufe hatsi da nesanta shara da gida, akwai ajiye mage. Kakanninmu da ke barin mage kusa da rumbu sun san abin da suke yi.

Hujja mafi nauyi da ake kawowa ita ce: mutane na kwana da yunwa, almajirai na yawo ba takalmi, kai kana zancen mage? Tambaya ce ta gaskiya, amma ba a kai ta inda ya dace ba. A kai ta ga mai sayen mage da albashin wata biyu na lebura. Wanda ya ɗauki magen unguwa ya ba ta kan kifi da ragowar nama bai tauye wa almajiri loma ba. Kuma ban taɓa ganin gidan da ake koya wa yaro jifan kyanwa ya tashi da tausayin almajiri ba.

Haka abin yake ga karnuka, ga mai buƙatar gadi ko kiwo ko farauta, waɗanda shari'a ta yi rangwame a kansu. Ana ɗaure karen Saberiya mai gashin ƙanƙara a ranar Abuja yana haki, alhali karen Azawak na Buzayen Nijar da Mali an kai shi Turai tun shekarun 1970, ana alfahari da shi a can, har babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta ba shi cikakkiyar rajista a 2019.

Gaskiya ne yawancin garuruwanmu ba su da gidan kula da dabbobin da aka yasar. Amma dabbobin suna nan: a mahauta, a kasuwar kifi, a harabar masallaci, a gidan maƙwabciyar da magenta ta haihu ta rasa yadda za ta yi. Ina kira ga masu hannu da shuni da ke neman sadaka mai gudana su tuna da waƙafin Baibars, ko da ɗaki biyu ne da ma'aikaci ɗaya a gefen asibitin dabbobi na gwamnati. Ina kira ga tsangayoyin likitancin dabbobi na Zariya da Sakkwato da Maiduguri su riƙa ware ranakun fiɗiya da rigakafi kyauta ko da rahusa. Malamai su ambaci hadisin matar nan a huɗuba, su kira buhun bola da sunansa na zalunci. Kai kuma mai karatu, duk ranar da ɗanka ko 'yarka ta ce tana son mage, kada ka buɗe waya neman mai sayarwa. Ka tambayi maƙwabta wa magensa ta haihu, ka jira ta isa yaye, ka kai ta wurin likita, sannan ka kawo ta gida.