Katin 'yan ƙwallo: wa zai saya a hannunka?

1/ Wata sabuwar harka na yawo a sitatus ɗin samarin Kano: sayen katin 'yan ƙwallo a gwanjon intanet, a ajiye, wai idan ya yi tsada a sayar da dala. Har suna aka sa mata, "jari". Ni ban yarda ba, kuma zan faɗi dalili. Mai niyyar zagina ya daure ya kai ƙarshe tukunna. 🧵

2/ Ga wanda bai sani ba: ɗan kwali ne kamar katin ATM, da hoton ɗan wasa da sunansa. Kamfanoni irin su Panini na Italiya da Topps na Amurka ke bugawa. A leda ake sayar da su, a rufe, sai ka yage za ka san wa ka samu. Panini tun gasar cin kofin duniya ta 1970 suke wannan sana'a da sitika.

3/ Abin da masu talla ke nuna muku gaskiya ne, ban musa ba. A Agustan 2022 an sayar da katin Mickey Mantle na 1952 a gidan gwanjo na Heritage kan dala miliyan 12.6. Katin Pele na 1958 ya kai dala miliyan 1.33 a shekarar. Sai a ɗora maka wannan a TikTok da kiɗa, a ce kai ma ka taso.

4/ To Malam, katin Mantle ya shekara 70 kafin ya kai haka, kuma ya yi tsada ne don yawancin 'yan uwansa yara sun yi wasa da su sun lalace, iyaye sun share sun zubar. Wanda ake bugawa yau kowa a roba yake saka shi tun ranar farko. Abin da dubban mutane suka adana tsaf ta yaya zai yi wuyar samu?

5/ An taɓa yin wannan wasan. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 Amurkawa sun yi ta tara kati da sunan jari, kamfanoni kuma suka yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa. Har yau akwai masu kwalaye a ɗakin ajiya da ba su kai kuɗin dakonsu ba.

6/ Ga na kwanan nan. Lokacin kullen korona kasuwar ta haukace. A farkon 2021 katin Michael Jordan na 1986 mai cikakken maki ya kai dala 738,000. Bayan shekara biyu irinsa ya koma ƙasa da sulusin wannan kuɗi. Jordan fa, wanda ya gama wasa, ba zai ƙara ba ba zai rage ba. Ina ga katin yaro ɗan shekara 18 da jijiya guda za ta iya zaunar da shi?

7/ Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya taɓa ciniki a kasuwar Sabon Gari ya san ƙa'ida: ka ɗauki kaya, ka juya, ka taya, mai shago ya ce albarka, ka ƙara, ya sallama. Idonka ne alƙali. Kaya ya ba da matsala, gobe ka san rumfar, ka san fuskar mutumin, akwai shugabannin layi.

8/ A harkar kati idonka bai da daraja ko ta sisi. Sai ka aika katin Amurka, wurin kamfani irin PSA da ke Kalifoniya, su duba kusurwa da gefe da fuska, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe a roba. Tsakanin 9 da 10 kuɗi kan ninka sau da yawa. Ba ka wurin, ba ka ga wanda ya duba ba, kuma kai ne za ka biya kuɗin dubawar, wajen dala 20 zuwa sama kowane kati.

9/ Ga abin da na fi so ku sani. Kati na farko da PSA suka taɓa bai wa maki, na wani ɗan wasa ne Honus Wagner, suka ba shi 8. An sayar da shi dala miliyan 2.8 a 2007. A 2013 wani babban mai gidan gwanjo, Bill Mastro, ya amsa a kotu cewa shi ya datse gefen katin don ya yi kyan gani. Katin da aka kafa harkar makin a kansa ke nan.

10/ Kuma ba shi kaɗai ya amsa ba. Ya amsa cewa a gwanjonsa ana sa tayin ƙarya don a tura farashi sama. A 2015 aka yanke masa wata 20. A Agustan 2021 kuma eBay ta dakatar da PWCC, ɗaya daga manyan masu sayar da kati a shafinta, bisa irin wannan zargi. Su dai sun musanta.

11/ Wanda ya zauna a Islamiyya ya san sunan wannan abu: najashi, ka taya kaya ba don ka saya ba, don dai wani ya ƙara. An hana tun zamanin Manzon Allah (SAW). Gwanjo kansa ba laifi ba ne. Amma a gwanjon fili kana iya lura da yaron dillali yana ɗaga hannu. A waya ƙarfe 3 na dare wa kake gani? Lamba ce kawai ke hawa, zuciyarka na bugawa, kana ƙarawa.

12/ Ku duba su waye ke riƙe da ƙofofin. Fanatics ta sayi Topps a 2022, ta sayi PWCC a 2023. Wato mai buga katin shi ne kuma mai filin gwanjon. eBay ta sayi gidan gwanjo na Goldin a 2024. Kati ya tashi, sun ci la'ada. Ya faɗi, sun ci la'ada. Kai kaɗai ne a layin nan kake buƙatar farashi ya hau kafin ka ci abinci.

13/ Lissafi kaɗan, tunda ba a son yi muku shi. Manyan gidajen gwanjo na ɗora wa mai saye kashi 20 cikin 100 ko fiye a kan tayinsa. In za ka sayar a eBay su cire wajen kashi 13. Ƙara kuɗin maki, kuɗin aikawa daga Kano da dawowa, da kamashon wanda zai karɓar maka dala, don PayPal ya yi shekara da shekaru bai bar ɗan Najeriya ya karɓi kuɗi ba. Kati sai ya yi tsalle mai nisa kafin uwar kuɗinka ta dawo, ba ma riba ba.

14/ Wani zai ce ai dala na tashi, ko ba komai ya tsira daga faɗuwar naira. E, a 2023 dala tana wajen ₦460 a hukumance, a 2024 ta haura ₦1,500. To ai dalar ce ta tashi, ba katin ba. In ita kake so, Wapa na nan Fagge, kana iya takawa daga Sabon Gari.

15/ Ban ma yi maganar ƙurar hunturu da zafin Afrilu ba. Ɗakin hostel da mutum shida, kati ɗaya ya lanƙwashe a kusurwa, an gama.

16/ Sai babbar masifar: fasa kwali kai tsaye. Mutum ya sayi kwalin kati, ya raba shi gurbi-gurbi, kowa ya biya, a jefa ƙuri'a a ba ka kulob, ya riƙa yage leda a kyamara. Abin da ya fito na kulob ɗinka naka ne. Bai fito ba, sai haƙuri. Shi kuwa ya riga ya tara fiye da kuɗin kwalin tun kafin ya yage ta farko.

17/ Don Allah mene ne bambancin wannan da shagunan caca na Sabon Gari? Ka biya, ka jira sa'a, mai gida ba ya faɗuwa. Bambancin dai can sai ka waiga kafin ka shiga kada wani ɗan unguwa ya gan ka, nan kuwa a sitatus kake sawa kana rubuta "Alhamdulillah". A 2024 Hisba ta rufe shagunan caca a wasu unguwannin Kano. Wannan wa zai rufe, tunda a aljihu take?

18/ Wani abokin karatuna ya kawo min hujja mai ƙarfi, kuma zan faɗe ta yadda take. Ya ce 'yan gwanjon Ƙofar Wambai ma dila suke saye a ɗaure, ba su san me ke ciki ba, kuma ba wanda ya ce musu 'yan caca.

19/ Gaskiya ne. Amma a kwance dila mafi muni, riguna ne da wanduna. Na farko a sayar da tsada, na ƙarshe a zube a ƙasa a yi araha, wani ya saya ya sa wa ɗansa. Akwai mai buƙata a ƙarshen layin. Kati fa? Ba a sawa, ba a ci, ba ya haihuwa, ba ya biyan haya. Darajarsa kaf ita ce wani ya zo bayanka da kuɗin da ya fi naka.

20/ Kuma wannan "wanin" ba ya Kano. Ka ɗauki katinka ka zaga France Road zuwa Bata zuwa 'Yankura, ka nemi wanda zai taya. Tsohuwar waya za ka sayar kafin la'asar. Rigar Super Eagles ta 1994 ta asali ma in ka tsinta a gwanjo za ka samu mai so. Kati sai dai a ce maka "kai, ya yi kyau".

21/ In son ƙwallo ne ya sa ka, saya abinka. Ka samu na Ahmed Musa ka tuna ƙwallaye biyun da ya zura wa Iceland a 2018, ka liƙa a bango, ba ruwan kowa. Kuɗin sha'awa ne, kamar na gidan kallo. Faɗana da wanda ke ce wa ɗalibi ya sa kuɗin rajista ko na NELFUND a ciki, wai kafin ƙarshen zango ya ninka.

22/ Mu ne fa aka yi wa MMM a Disambar 2016. Mu ne muka ƙare yatsu a Hamster Kombat har Satumbar 2024. CBEX ta rufta da mutane a Afrilun 2025. Kowane karo akwai mai link, kuma mai link ba ya kuka. Wannan karon abin ya fi wayo ne kawai don akwai abin riƙewa a hannu, da hoton wanda kake so.

23/ Masu shigo min DM da hoton "farashin kasuwa" daga manhaja: ba shi nake nema ba. Ku turo alat. Kati kaza, na saya kaza, na sayar kaza, bayan la'ada da aikawa ga nairar da ta shigo asusuna a Kano. Ku rufe suna da lambar asusu. Duk wanda ya turo zan ɗora shi a ƙarƙashin nan.