Kuɗin Cizo A Ɗakin Haya: Kunyar Wa, Nauyin Wa?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da sababbin ma'aikata, ina neman afuwa tun da fari, domin abin da zan tattauna a kansa ba ya cikin abubuwan da aka saba gani a wannan mujalla tamu. Mun saba da muhawara kan kuɗin makaranta da siyasar ƙasa, amma kuɗin cizo kowa ya san shi, kowa kuma ya yi gum da bakinsa. To, ni a ganina wannan shirun shi ne babban abincin ƙwaron, ya fi jininmu yi masa amfani.

Wani abokina da muka zauna ɗaki ɗaya a makaranta, da ya gama aka tura shi koyarwa Tozai, cikin ƙaramar hukumar Isa. Ya kama ɗaki a garin Isa, ya biya kuɗin shekara cif, ya shimfiɗa sabuwar katifarsa. Kwana uku bai runtsa ba. Da ya kai kuka ga mai gidan, amsar da ya samu ita ce, "Malam, ai da kayanka ka zo da su." Ya ji kunyar tambayar maƙwabta, ya sayo fiya-fiya ya feshe ɗakin, ya sami sauƙin mako guda, sa'an nan abin ya dawo sabo. Sai bayan wata huɗu, a wurin hira, ya gane cewa duk ɗakuna shida na gidan haka suke, kowa yana fesa nasa a ɓoye, ƙwaron kuwa yana ƙaura daga wannan ɗaki zuwa wancan ta tsagar bango.

Wannan labari ba na mutum ɗaya ba ne. Malamin makaranta, ma'aikacin asibiti, malamin gona, ɗan bautar ƙasa, duk wanda aka tura Isa ko Sabon Birni ɗakin haya ne makomarsa. Daɗin daɗawa, tun daga 2019 hare-haren 'yan bindiga sun kori dubban mutanen ƙauyukan gabashin Sakkwato, wasu suka tsallaka Jihar Maraɗi, wasu suka taru a manyan garuruwa. Ɗakin mutum biyu ya koma na mutum takwas, tabarma da katifa suna yawo daga hannu zuwa hannu. Wannan cunkoso shi ne gonar kuɗin cizo. Amma kada wani ya ɗora laifi a kan waɗannan bayin Allah, domin ƙwaron ya riga su zama a bangon gidajen.

Abu na farko da ya kamata mu kawar daga zukatanmu shi ne cewa kuɗin cizo alamar ƙazanta ce. Ƙwaron nan ba ya cin datti, ba ruwansa da bola. Jini kaɗai yake sha, ɗumin jiki da iskar da mai barci ke fitarwa su ke jagorantarsa. A 2023 birnin Faris na ƙasar Faransa ya ruɗe saboda shi, ana shirin wasannin Olamfik na 2024, har zancen ya kai majalisar dokokinsu. Idan ya shiga gidajen Faris, mene ne abin ɓoyo don ya shiga ɗaki a Sabon Birni?

Abu na biyu, mu san abokin gabarmu. Macen kuɗin cizo takan yi ƙwai 1 zuwa 5 a rana, ɗaruruwa a tsawon rayuwarta, tana liƙa su a ɗinkin katifa, da mahaɗar gado, da tsagar bango, da bayan kalanda. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10. Ɗan kuwa sai ya yi saɓa sau 5 kafin ya girma, kowace saɓa sai ya sha jini, kuma a wuri mai ɗumi cikin mako biyar ya isa haihuwa. Babban yana iya yin watanni ba tare da ya ci komai ba, saboda haka kulle ɗaki a tafi hutu ba ya kashe shi. Yawancin magungunan fesawa ba sa ratsa ƙwan, shi ya sa mai fesawa sau ɗaya yakan ga kamar ya ci nasara, bayan kwana goma yaƙi ya dawo. Masana ba su same shi yana yaɗa cuta tsakanin mutane kamar sauro ba, amma rashin barci, da susa har fata ta yi gyambo, da ƙarancin jini ga ƙananan yara inda ya yi yawa, ba ƙananan abubuwa ba ne. Malamin da bai yi barci ba, me zai koyar da safe?

Yanzu sai mu zo kan guba, wadda ita ce ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Tarihi ya isa ya yi mana gargaɗi. Tun 1947 aka ga kuɗin cizon da DDT ba ya kashewa a tsibirin Hawai. A nan ƙasarmu ma, lokacin da aka yi aikin feshin gidaje don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a yammacin Lardin Sakkwato, wanda aka soma a 1954, ba a daɗe ba aka sami sauro a Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, wanda maganin dieldrin ya daina yi masa komai. Darasin a fili yake: ƙwaro yakan saba da guba, waɗanda suka tsira su haifi irinsu. A yau kuɗin cizo a ƙasashe da yawa ya saba da irin maganin da ke cikin gwangwanayen fesawa na kanti. Da mutum ya ga magani bai ci ba, sai ya nemi wanda ya fi ƙarfi. Daga nan sai Sniper, wanda maganin gona ne, wanda kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna a 2019. Mafi muni shi ne ƙwayar nan da ake sa wa buhun wake da rumbu, wadda wasu ke kira bom. Da ta sami laima sai ta saki iska mai kisa, wadda ke bin tsagar bango da ƙasan rufi ta shiga ɗakin maƙwabci, kuma ba ta da makari. Wanda ya ajiye ta a gidan haya ya sa ran jaririn maƙwabcinsa cikin haɗari, garin gyaran gira a rasa ido. Kananzir ma da ake yayyafa wa gado, ga fitila ga kurfoti, ai kiran gobara ne.

To, mene ne magani? Zafi, da haƙuri, da haɗin kai. Zafin da ya kai digiri 50 yana kashe ƙwaron da ƙwansa, kuma wannan makami ne da ba ya sabawa da shi. A kwance gado, a kwarara tafasasshen ruwa a kowace mahaɗa. A jiƙa zannuwa da tufafi cikin ruwa mai zafi ƙwarai. Abin da ba ya wankuwa a sa shi kaɗan-kaɗan cikin baƙar leda, a ɗaure, a bar shi yini guda a ranar bazara, wadda a ƙasar Gobir takan wuce digiri 40 ko a inuwa. Amma a sani, shanya katifa mai kauri kawai ba ya isa, don ƙwaron yakan gudu ɓangaren da ke da sanyi. Sai an bi ɗinkinta da buroshi da dutsen guga. Gadon kara da ya cika da su a ƙone shi, kada a sayar, kada a yi sadaka da shi. A toshe tsagar bango da siminti ko laka, a shafe da farar ƙasa. A janye gado daga jikin bango. Gidan sauro kuwa kada a yar da shi don an ga ƙwaro a ɗinkinsa. A bi ɗinkin a kashe su, domin sauro ya fi kuɗin cizo kisa. Sa'an nan a maimaita aikin duka bayan kwana 10, a sake maimaitawa, har sai an daina ganin baƙin ɗigo a katifa.

Duk wannan aikin banza ne idan ɗaki ɗaya ya yi shi, kuma a nan ne maganar haƙƙi ta shigo. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon kuwa na mai gida ne. Na san abin da masu gidaje za su ce: kuɗin hayar kaɗan ne, siminti ya yi tsada, kuma wani lokaci ɗan haya ne ya kawo ƙwaron cikin katifar gwanjo. Wannan gaskiya ne, ba na musu. Amma ba mai iya tabbatar da wanda ya fara kawo shi, kuma neman mai laifi ba ya kashe ƙwai ko ɗaya. Rabon adalci shi ne, gini da yaɓe da farar ƙasa a kan mai gida, gado da katifa da tufafi a kan ɗan haya, rana ɗaya kuma a tsayar wadda kowane ɗaki zai fito da kayansa. Wanda ya karɓi kuɗin ɗaki alhali ya san akwai aibi ya ɓoye, ko a fiƙihu an san hukuncin ɓoye aibi a ciniki.

Saboda haka ina kira ga duk wanda za a tura aiki: kafin ka biya ko kwabo, shiga ɗakin da tocila, duba tsagogi, tambayi waɗanda ka tarar, kuma a rubuta a takarda, gaban shaidu, wanda zai ɗauki nauyin gyara. Ina kira ga ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni su sa ma'aikatansu na duba-gari su riƙa leƙa gidajen haya, su kuma sa ido kan masu tallan guba a kasuwa. Ƙungiyarmu ta ɗalibai kuwa ta soma daga gida, ta tsayar da ranar gangami a ɗakunan kwananmu farkon kowane zango, domin akwatin da ya fita daga nan shi ne zai sauka a Tozai gobe. Wanda ya fara buɗe baki ya ce "akwai su a ɗakina" ya yi wa gidan duka alheri, kuma ya cancanci godiya.

Allah ya ba mu barci mai daɗi da maƙwabta nagari, amin.