Hotunan Gaya, ɗaya bayan ɗaya

Duk hawan sallah a Gaya ana ɗaukar ɗaruruwan hotuna, a zuba su a Facebook da WhatsApp, kafin wata ya zagayo sun nutse. Garin da tarihin baka ya ce daga cikinsa maƙeran Abagayawa suka tashi neman tama har Dala ya cancanci taskar hotuna tasa ta kansa. Tun da dokar 2024 ta haɗa Gaya da Ajingi da Albasu a masarauta guda, akwai ma inuwar da za a ajiye taskar a ƙarƙashinta.

Ra'ayina shi ne a gina ta da PHP, harshen da Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, a bar aikin a wuyan sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Hotuna suna cikin folda guda. 'Yar manhaja mai layi talatin ta karanta sunayensu, ta duba lambar da ke ƙarshen adireshin shafin, ta aika wa mai kallo hoton da ya dace da lambar, da bayaninsa, da maɓallin "gaba" da na "baya". Shi ke nan.

Matasanmu masu gina shafuka za su ce wannan tsohon yayi ne. Sun fi son hotuna masu sulalewa da kansu. Amma yawancin irin waɗannan sukan sauke hoto ashirin a wayar mutum kafin ya ga na biyu. Hoton waya yakan kai megabait uku ko huɗu. Idan sabar ta rage faɗinsa zuwa fiksel 800, ba ya kai kashi ɗaya cikin goma na wannan nauyi, kuma a fuskar waya ido ba ya ganin bambanci. Malamin firamare a ƙauyen Ajingi, mai ɗaga waya sama yana neman sabis, da kuɗinsa yake biyan wannan ado, ga shi tun Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data.

Gaskiya ne, kowane danna sai shafin ya sake buɗewa. Na yarda da wannan jinkiri.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne sakaci: manhajar ta karɓi lamba kawai daga adireshi, kada ta karɓi sunan fayil, don ta nan ne ɓarawo ke leƙa sauran abin da ke cikin sabar. Kuma a rubuta sunan kowane hakimi da shekarar hawan tun masu gane fuskokin suna raye.