Ajamin da Aka Ɓoye a Sifen

A shekarar 1884 wasu magina suna gyaran wani tsohon gida a ƙauyen Almonacid de la Sierra, a yankin Aragon na ƙasar Sifen, sai suka tarar da tarin littattafai an ɓoye su ƙarƙashin daɓe. Baƙaƙen na Larabci ne, amma harshen da ke cikin da yawa daga cikinsu Sifaniyanci ne. Musulmin da aka tilasta wa shiga Kiristanci bayan faɗuwar Garnaɗa a 1492 ne suka rubuta su, kafin a fara korarsu daga ƙasar a 1609.

Masana adabin Sifen suna kiran wannan rubutu aljamiado. Asalin kalmar ɗaya ne da ajaminmu.

Tun da Julián Ribera da Miguel Asín Palacios suka fitar da jerin waɗannan littattafai a 1912, fannin ya samu gindin zama a jami'o'in can. Sai dai ɗalibinsu yakan sha wahala kafin idonsa ya saba da warash irin na Magrib, rubutun da yaronmu na makarantar allo ya tashi da shi. Abin da ya rage mana harshen ne kawai, harshen da ke kiran magajin gari alcalde, wato alƙali.

Shi ya sa nake takaici idan na ga sassan harsunan waje na jami'o'inmu sun fi karkata ga Faransanci. Ban raina shi ba, maƙwabtaka ta wajabta shi. Amma da za a ɗauki malami ko da guda ne na Sifaniyanci, a haɗa shi da masu nazarin ajami, da ɗalibanmu sun shiga ɗakunan karatu na Madrid da abin da za su koyar.